Kotun shige da fice a Amurka

Kotun shige da fice kotu ce ta gwamnatin tarayyar Amurka da ke sauraron shari'ar baƙin da gwamnati ke neman fitarwa daga ƙasar. Alƙalinta ne ke yanke hukunci ko mutum zai ci gaba da zama a Amurka ko za a mayar da shi ƙasarsa, kuma a gabansa ne mutane da yawa ke neman mafaka. Duk da sunanta, ba ta cikin ɓangaren shari'a na gwamnati kamar Kotun Ƙoli da sauran kotunan tarayya. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ne, wato ɓangaren zartarwa, a cikin wata hukuma da ake kira EOIR a taƙaice, mai hedikwata a garin Falls Church na jihar Virginia. A shekarar 2024 akwai irin waɗannan kotuna kimanin 70 a faɗin ƙasar, da alƙalai kimanin 700.

Dokar Amurka ba ta ɗaukar wannan shari'a a matsayin shari'ar aikata laifi, don haka gwamnati ba ta ba wanda ake ƙara lauya kyauta. Nauyin sanin ranar zama, da sanar da kotu sabon adireshi, da miƙa takardu a kan lokaci, duk yana wuyan mutumin ne. Wanda ya kasa zuwa zama ɗaya kacal ana iya yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa.

Tarihi

Dokar shige da fice ta 1893 ta kafa kwamitocin bincike na musamman a tashoshin shiga ƙasar, inda jami'ai ke yanke shawara a kan wanda za a bari ya shiga da wanda za a mayar. A 1933 aka kafa hukumar shige da fice ta INS a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago. A 1940 aka mayar da ita Ma'aikatar Shari'a, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar ɗaukaka ƙara ta BIA. Babbar dokar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta 1952, wadda har yanzu ita ce ginshiƙin tsarin, ta ɗora sauraron shari'ar kora a kan wasu jami'an bincike na musamman. A 1973 aka ba su damar amsa sunan alƙali da sanya rigar alƙalai.

Har zuwa wannan lokaci alƙalan ma'aikatan INS ne, wato hukumar da ke kama baƙi ita ce kuma ke yi musu shari'a. A watan Janairun 1983 aka kafa EOIR domin a raba aikin biyu. Dokar 1996 ta haɗa shari'ar hana shiga da shari'ar kora ta mayar da su shari'a iri ɗaya, aka fara aiki da hakan ranar 1 ga Afrilu, 1997. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, an rushe INS a watan Maris na 2003, aka rarraba ayyukanta ga hukumomi uku a sabuwar Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida: CBP mai kula da iyakoki, USCIS mai ba da takardun zama da na aiki, da ICE mai kamawa da tsarewa da fitar da baƙi. Kotunan kuwa suka ci gaba da zama a Ma'aikatar Shari'a.

Waɗanda ke cikin ɗakin shari'a

Alƙalin shige da fice lauya ne da Antoni Janar na Amurka ke naɗawa. Majalisar Dattawa ba ta tantance shi, kuma ba shi da kujerar har abada irin ta alƙalan kotunan tarayya. Babu masu taya alƙali yanke hukunci, shi kaɗai ke sauraro ya yanke. Gwamnati na da lauyanta, ma'aikacin ICE, wanda ke tsayawa a matsayin mai ƙara. Sai wanda ake ƙara, da lauyansa in yana da shi, da tafinta, da magatakardan kotu. Ana naɗar duk abin da aka faɗa a zaman da na'urar kotu, kuma daga wannan naɗin ake fitar da rubutaccen bayani idan aka ɗaukaka ƙara.

Takardar sammaci da lambar baƙo

Shari'a na somawa da takardar sammaci, fom mai lamba I-862, wadda aka fi sani da NTA. Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ce ke bayar da ita, hannu da hannu ko ta gidan waya. A cikinta ana jera zarge-zarge ɗaya bayan ɗaya, kamar cewa mutumin ba ɗan Amurka ba ne, ɗan ƙasa kaza ne, ya shigo rana kaza ta wuri kaza, bizarsa ta ƙare bai fita ba. Sannan a ambaci sashen dokar da ake cewa ya saɓa, da kotun da zai bayyana.

Shari'ar ba ta kankama sai ma'aikatar ta shigar da takardar a kotu. Akan samu mutum yana riƙe da sammaci wata da watanni amma sunansa bai shiga kundin kotu ba. Akwai kuma lokacin da aka riƙa ba da sammaci babu rana babu lokaci a jiki, har maganar ta kai Kotun Ƙoli. A shari'ar Pereira da Sessions ta 2018, da ta Niz-Chavez da Garland ta 2021, kotun ta ce irin wannan takarda ba ta cika sammacin da zai tsayar da lissafin shekarun zaman mutum a ƙasar ba. Amma a shari'ar Campos-Chaves da Garland ta 2024 ta ce idan daga baya an aika wa mutum wata sanarwa mai ɗauke da rana da lokaci, ya ƙi zuwa, ba zai iya fakewa da naƙasun takardar farko ba.

Kowane baƙo da ke da shari'a yana da lambar rajista da ke farawa da harafin A, yawanci mai alƙaluma tara. Da ita ake duba ranar zama da sunan alƙali da adireshin kotu, ko a shafin intanet na EOIR ko ta layin waya na kyauta mai lamba 1-800-898-7180, wanda ke bayani da Turanci da Sifaniyanci. Lauyoyi da ƙungiyoyin agaji kan shawarci mutane su riƙa dubawa a kai a kai, domin kotu na iya matso da rana ko ta ɗaga ta. Takardar sanarwar da kotu ta aiko ita ce abin dogaro a hukumance.

Sauya adireshi da sauya kotu

Kotu na aika sanarwa zuwa adireshin ƙarshe da mutum ya ba ta. Duk wanda ya sauya gida ko lambar waya wajibi ne ya cike fom EOIR-33 ya miƙa wa kotu cikin kwana biyar, ya kuma aika wa lauyoyin ICE kwafi. Sanar da gidan waya, ko USCIS, ko jami'in ICE da mutum ke zuwa sa hannu wurinsa, bai wadatar ba, domin hukumomin daban suke kuma kowacce da kundinta. Wannan na daga cikin wuraren da sababbin zuwa ke yawan yin tuntuɓe, musamman waɗanda ke zaune a gidajen saukar baƙi ko a wurin 'yan'uwa, suna tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Sauya adireshi kuma ba ya ɗauke shari'a daga wata kotu zuwa wata. Mutumin da aka saka a iyakar Texas ya tafi New York, sai ya rubuta wa alƙali roƙo na musamman cewa a mayar da shari'arsa kotun da ke kusa da shi. Muddin alƙali bai amince ba, wajibi ne ya bayyana a kotun farko a ranar da aka sa masa.

Zuwa kotun

Yawancin kotunan na cikin gine-ginen gwamnatin tarayya ko a benayen ofisoshi, wasu kuma a cikin wuraren tsare baƙi. A birnin New York, alal misali, akwai kotu a gini mai lamba 26 Federal Plaza, da 290 Broadway, da 201 Varick Street, duka a Manhattan. Da yake gari ɗaya na iya samun kotu fiye da ɗaya, ana duba adireshi da hawa da lambar ɗaki a jikin sanarwa kafin a fito.

A ƙofar shiga ana binciken mutane da jakunkunansu da na'ura kamar a filin jirgin sama, kuma layi kan yi tsawo da safe. Makara na iya zama daidai da rashin zuwa, shi ya sa ake son mutum ya iso da wuri sosai. Abubuwan da aka saba tafiya da su sun haɗa da takardar sammaci, da sanarwar zama, da katin shaida ko fasfo in akwai, da kwafin duk takardar da aka taɓa miƙa wa kotu. Ana liƙa jerin sunaye ko lambobin waɗanda za a saurara a bango kusa da ɗakunan shari'a, mutum ya nemi nasa, ya sanar da magatakarda cewa ya iso, ya zauna jiran kira. Jiran kan ɗauki sa'o'i.

An hana ɗaukar hoto da naɗar murya a kotun, kuma ana kashe ƙarar waya. Ana miƙewa tsaye idan alƙali ya shigo ko zai fita. Ana son sutura ta mutunci, kuma an yarda da lulluɓi ko hula na addini. Idan sunayen yara na cikin shari'ar, ana zuwa da su sai in alƙali ya yafe musu zuwa. Galibin zaman a buɗe yake ga jama'a, don haka dangi da 'yan jarida da masu sa ido na iya shiga, amma mai neman mafaka na iya roƙon a rufe ɗaki yayin da zai ba da shaida. Wasu zaman ana yin su ta bidiyo da manhajar Webex, abin da ya yawaita tun lokacin annobar korona.

Tagar magatakarda ita ce wurin miƙa takardu. Ma'aikatan wurin na karɓa su buga hatimi, amma doka ba ta ba su damar ba da shawarar shari'a ba. Duk takardar da aka miƙa sai an haɗa ta da shaidar cewa an ba lauyan gwamnati kwafi. Takardar da ba da Turanci aka rubuta ta ba, ko da Faransanci ce, ko Larabci, ko Hausa, sai an haɗa ta da fassarar Turanci da sa hannun mai fassara cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take. Tun 2022 an wajabta wa lauyoyi shigar da takardu ta intanet a sababbin shari'o'i.

Zaman farko

Zaman farko na share fage ne, kuma akan tara mutane da yawa a ɗaki ɗaya a kira su bi da bi, kowa ya samu 'yan mintoci. Doka ta ce a bar aƙalla kwana goma tsakanin ba da sammaci da wannan zama domin mutum ya nemi lauya. Alƙali na tabbatar da suna da adireshi da harshen da mutum ya fi ji, ya bayyana masa haƙƙoƙinsa, ya ba shi jerin ƙungiyoyin da ke ba da taimakon lauya kyauta a yankin. Wanda bai samu lauya ba na iya roƙon a ɗage zaman, kuma akasari ana ba da wannan dama a karon farko.

Daga nan sai a nemi mutum ya amsa ko ya musanta zarge-zargen da ke cikin sammaci. Amsar na da nauyi, domin abin da aka amsa ya zama hujja. Idan mutum ya shigo ƙasar ne bisa ƙa'ida, gwamnati ce za ta kawo hujja bayyananna mai gamsarwa cewa ya cancanci kora, ma'aunin da ya samo asali daga shari'ar Woodby ta 1966. Idan kuwa ya ƙetaro iyaka ne ba tare da an tantance shi ba, da zarar gwamnati ta nuna baƙo ne, nauyin hujja ya koma kansa. Alƙali kan kuma tambayi ƙasar da mutum ya zaɓa a mayar da shi idan hukunci ya faɗa kansa. Masu neman mafaka kan ƙi ambatar ƙasarsu, tunda ita suke cewa suna tsoro. A ƙarshe alƙali na sa wa'adin miƙa fom da hujjoji, ya ba da takarda mai ɗauke da ranar zama na gaba.

Babban zama

Wannan shi ne zaman da ake sauraron shari'ar mutum shi kaɗai, kuma yakan ɗauki sa'o'i. Kafin ranar sai an ɗauki hoton yatsunsa an yi binciken tsaro, in ba haka ba alƙali ba zai iya ba shi abin da ya nema ba. Mutum na yin rantsuwa, lauyansa ya yi masa tambayoyi, lauyan gwamnati ya yi nasa, alƙali ma ya yi. Ana iya kawo shaidu da masana, da takardun asibiti, da rahotanni a kan halin da ƙasarsa ke ciki.

Dokar REAL ID ta 2005 ta ba alƙali damar auna gaskiyar mai magana ta hanyar duba yanayinsa, da yadda yake amsa tambaya, da daidaiton abin da ya faɗa a baki da abin da ya rubuta a fom ko ya gaya wa jami'an iyaka. Saɓani ko da a kan ƙaramin abu ne ana iya lissafa shi a kansa. Alƙali kan faɗi hukunci a baki a ƙarshen zaman, wani lokaci kuma ya aiko da shi a rubuce.

Abubuwan da ake iya nema

Mafaka. Ana nema da fom I-589, kuma a ƙa'ida cikin shekara ɗaya da shigowa Amurka, sai in akwai uzurin da doka ta karɓa. Mai nema zai nuna an tsananta masa, ko yana da tsoro mai tushe cewa za a tsananta masa, saboda launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. Talauci ko rashin aikin yi kaɗai ba sa cikin dalilan. Dokar 'yan gudun hijira ta 1980 ce ta kafa wannan tsari. Ɗaya daga cikin fitattun shari'o'insa ita ce ta Fauziya Kassindja, 'yar ƙasar Togo, wadda BIA ta ba mafaka a 1996 bisa tsoron kaciyar mata. Wanda alƙali ya samu da ƙirƙirar labarin ƙarya da gangan ana haramta masa duk wata alfarmar shige da fice har abada. Wata doka ta watan Yulin 2025 ta sa kuɗin neman mafaka dala 100, alhali a da kyauta ne.

Dakatar da kora da kariya daga azabtarwa. Waɗannan na buƙatar hujja mafi ƙarfi fiye da mafaka, kuma ba sa kai mutum ga takardar zama ta dindindin, amma ba su da wa'adin shekara ɗaya.

Soke kora. Mai takardar zama ta dindindin na iya nema idan ya shekara biyar da ita, ya shekara bakwai a jere a ƙasar, kuma ba a same shi da babban laifi ba. Wanda ba shi da takarda sai ya nuna ya shekara goma a ƙasar, yana da halin kirki, kuma korarsa za ta jefa matarsa ko mijinta, ko iyaye, ko 'ya'ya masu takardar ɗan ƙasa ko ta zama cikin matsanancin ƙunci da ya wuce na yau da kullum. Doka ta ƙayyade mutum 4,000 a shekara.

Gyaran matsayi. Wanda ya cancanci takardar zama ta hanyar aure ko dangi na iya kammala nemanta a gaban alƙali.

Fita da kai. Alƙali na iya ba mutum damar barin ƙasar da kuɗinsa ba tare da hukuncin kora ba, har kwana 120 idan ya nema tun da wuri, ko har kwana 60 idan a ƙarshen shari'a ne. Wanda ya wuce wa'adin, izinin na rikiɗewa ya zama hukuncin kora, ga kuma tara.

Lauya

Waɗanda doka ta yarda su tsaya wa mutum su ne lauyoyi masu lasisi a wata jiha ta Amurka, da wakilan ƙungiyoyin agaji da Ma'aikatar Shari'a ta tantance, da ɗaliban lauya a ƙarƙashin kulawa. Lauya na shigar da fom EOIR-28 domin kotu ta san shi ne wakili. Ko da mutum na da lauya, wajibi ne ya zo zama da kansa sai in alƙali ya yafe masa.

Binciken da Ingrid Eagly da Steven Shafer suka yi a kan shari'o'i fiye da miliyan 1.2 na tsakanin 2007 da 2012 ya nuna kashi 37 cikin 100 ne kawai na waɗanda ake ƙara suka samu lauya, a cikin waɗanda ke tsare kuwa kashi 14. Binciken ya kuma nuna masu lauya sun fi samun nasara nesa ba kusa ba. Yara ƙanana ma ba su da haƙƙin lauyan gwamnati a wannan kotu. Wannan giɓi ne ya buɗe kasuwa ga 'yan damfara da ke kiran kansu masu ba da shawara, suna karɓar kuɗi su cike wa mutane fom da labarin da ba nasu ba.

Tafinta da matsalar harshe

Kotu ce ke samar da tafinta, kuma gwamnati ce ke biya. Ba a yarda mutum ya kawo ɗan'uwansa ya yi masa tafinta a zaman ba. Harsunan da ba su da masu tafinta da yawa akan yi su ta waya, wani lokaci kuma a ɗage zama saboda ba a samu mai jin harshen ba. Matsalar ta ƙara fitowa fili daga 2022 zuwa 2024, lokacin da 'yan Afirka ta Yamma da yawa, musamman daga Senegal da Mauritaniya da Gini, suka shiga Amurka ta iyakar kudu. Mutum na da damar ya ce a ba shi tafinta a harshen da ya fi iyawa, ko da yana ɗan jin Turanci ko Faransanci, kuma yana da damar ya gaya wa alƙali nan take idan ba ya fahimtar tafintan. Faɗar hakan a lokacin zama na da muhimmanci, domin abin da ya shiga naɗin kotu shi ne za a duba a ɗaukaka ƙara.

Masu jin Hausa da ke Amurka, kamar waɗanda ke unguwar Bronx a New York, sun fito ne daga ƙasashe daban-daban, kuma bambancin karin harshe na iya shafar shaida. Hausar Nijar na da kalmomin aro daga Faransanci, irin su lakwal da jandarma, inda ta Najeriya ta aro daga Turanci. A Nijar dala na nufin sefa biyar, don haka wanda ya ce ya biya dala ɗari yana nufin sefa 500, amma tafintan da bai san wannan lissafi ba zai iya mayar da ita dalar Amurka. Hausar zangon Ghana ba ta cika bambanta jinsin namiji da mace a nahawu ba, sai a ji "ya zo" alhali mace ake nufi. Kalmomin dangantaka ma haka: ɗan'uwa, wa, ƙane da baba sun fi faɗi a Hausa fiye da takwarorinsu na Turanci, kuma fom ɗin neman mafaka na neman sunayen iyaye da 'yan'uwa na jini, sai a ga kamar mutum ya ambaci wanda bai rubuta ba.

Akwai kuma abin da ya shafi al'ada. Mutane da yawa na tuna lokaci ne da damina, ko azumi, ko Babbar Sallah, kotu kuwa rana da wata da shekara take tambaya. Sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne a ƙasar Hausa, haka ma kunyar ambatar sunan miji ko ɗan fari, amma wanda bai san al'adar ba zai iya ɗaukarsu a matsayin kauce-kauce. Lauyoyi kan bayyana irin waɗannan abubuwa ga alƙali tun kafin a fara shaida.

Rashin zuwa kotu

Idan mutum bai zo ba, kuma gwamnati ta nuna an aika masa sanarwa kuma ya cancanci kora, alƙali na yanke hukunci a bayan idonsa. Ba a ɗaukaka ƙara kai tsaye a kan irin wannan hukunci, sai dai a roƙi alƙalin ya sake buɗe shari'ar. Ana da kwana 180 idan dalilin rashin zuwan wani babban uzuri ne, kamar rashin lafiya mai tsanani ko rasuwar miji, mata, ɗa ko mahaifi. Babu wa'adi idan mutum bai samu sanarwa ba, ko yana tsare a hannun hukuma a ranar. Wanda aka gargaɗe shi a baki a harshen da yake ji sannan bai zo ba, ana hana shi wasu alfarmomi, irin su soke kora da fita da kai, har shekara goma.

Waɗanda ke tsare

Shari'ar waɗanda ICE ke tsare da su ta fi sauri, kuma sau da yawa ta bidiyo ake yi daga wurin tsarewa. Wasunsu na iya neman zaman beli, inda alƙali ke duba ko mutum haɗari ne ga jama'a ko zai iya gudu. Mafi ƙarancin kuɗin beli a doka dala 1,500 ne. Waɗanda aka samu da wasu laifuffuka ba a ba su beli. A watan Satumbar 2025 BIA ta yanke cewa alƙalai ba su da ikon ba da beli ga waɗanda suka shigo ba tare da an tantance su ba, hukuncin da aka ƙalubalanta a kotunan tarayya da dama.

Ɗaukaka ƙara

Bayan hukunci alƙali na tambayar kowane ɓangare ko ya amince ko zai ɗaukaka ƙara. Wanda ya ce ya amince, hukuncin ya tabbata nan take. Ana ɗaukaka ƙara zuwa BIA da fom EOIR-26. Wa'adin da aka daɗe ana aiki da shi kwana 30 ne, kuma abin da ake lissafawa shi ne ranar da takardar ta isa ofishin hukumar, ba ranar da aka saka ta a gidan waya ba. BIA na duba takardu ne, da wuya ta kira mutane su bayyana. Daga nan ana iya kai ƙara kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya cikin kwana 30, amma shigar da ƙara a can ba ya dakatar da kora sai an roƙi kotun ta ba da umarnin hakan.

Cunkoso da suka

Shari'o'in da ke jiran hukunci sun zarce miliyan ɗaya a 2019, suka zarce miliyan uku a ƙarshen 2023. A manyan birane mutum kan jira shekaru kafin babban zamansa, a tsawon lokacin shaidu su watse, lauyoyi su sauya, dokar ma ta sauya.

Babban sukan da ake yi wa tsarin shi ne rashin 'yancin alƙalai. Antoni Janar na da ikon ɗauko kowace shari'a daga BIA ya yanke hukuncin da zai hau kan dukkan alƙalai. A 2018 Jeff Sessions ya yi amfani da wannan iko ya ƙuntata mafaka ga matan da suka gudo daga cin zarafin miji, a 2021 Merrick Garland ya soke hukuncin. A 2018 an kuma ɗora wa kowane alƙali kammala shari'a 700 a shekara, aka janye ƙa'idar a 2021. Ƙungiyar alƙalan shige da fice da ƙungiyar lauyoyin Amurka sun daɗe suna kira da a fitar da kotunan daga Ma'aikatar Shari'a a mayar da su kotu mai cin gashin kanta.

A 2025 gwamnatin Donald Trump ta sallami alƙalai da dama, ta rage mambobin BIA daga 28 zuwa 15, ta kuma buɗe hanyar ɗauko lauyoyin soja su yi alƙalanci na wucin gadi. Daga watan Mayun shekarar jami'an ICE suka riƙa kama mutane a farfajiyar kotuna bayan an fito daga zama, wani lokaci bayan lauyan gwamnati ya nemi a kori shari'ar domin a bi da mutumin ta hanyar kora ta gaggawa. A watan Yuni aka kama Brad Lander, wanda a lokacin shi ne babban mai binciken kuɗi na birnin New York, a 26 Federal Plaza yayin da yake raka wani baƙo daga kotu. Gwamnati ta ce matakan aiwatar da doka ne da rage cunkoso. Masu suka kuwa sun ce suna tsorata mutane daga zuwa kotu, alhali rashin zuwan na jawo hukunci a bayan ido.

A wasu ƙasashe

A Birtaniya wata kotu ta musamman mai sashen shige da fice da mafaka ce ke sauraron ƙarar da ake yi a kan hukuncin Ma'aikatar Cikin Gida. A Kanada hukumar IRB, wadda aka kafa a 1989, ita ke wannan aiki. A Faransa kotun CNDA ce ke sauraron ƙarar masu neman mafaka da aka hana. A Najeriya babu kotun shige da fice ta daban, sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sauraron shari'o'in da suka shafi zama ɗan ƙasa, shige da fice, fasfo, biza da korar baƙi.